Bindigar da Ta Tsallake Igiya

Sufeto Marisa Tafoya tana shirin tashi daga ofis aka bugo mata waya cewa an harbi wani ɗalibi, Nolan Yazzie, a makarantar horon 'yan sanda ta Piedra Seca, kuma a cikin zauren atisaye. Yana asibiti, rai a hannun Allah.

Tafoya jami'a ce a Hukumar Kula da Horon 'Yan Sanda ta jihar. Hukumar ce ke ba makaranta izini, ita ke ba malami takardar shaida, ranar da ta ƙwace takardar kuwa mutum ya yi sallama da kaki har abada. Abin da ya fi damunta shi ne sunan wanda ake zargi: Sajan Orville Begay, malamin harbi na makarantar. Tsohon nan shi ya koya mata riƙe bindiga tun tana runtse ido in za ta harba, bai taɓa yi mata dariya ba.

Shugaban makarantar, Kyaftin Wendell Pruitt, ya tarbe ta a bakin igiyar da ke tare ƙofar zauren. Duk mai tsallake igiyar nan sai ya ajiye bindigarsa ta gaske, Begay ya lalube shi daga wuya har idon sawu, sannan ya miƙa masa ta atisaye mai harsashin fenti, wadda aka naɗe wa mariƙi da shuɗin tef.

"Abin kunya ne, Sufeto," in ji Pruitt. "Ina nuna wa ɗalibai yadda ake zare bindiga, sai ji na yi ta tashi. Ashe ta gaske Orville ya ba ni. Tsufa ba ya shawara."

Ya miƙa mata bindigar. Ta jera ta da sauran a kan tebur. Tef ɗin sauran duk ya koɗe, ya sha gumi da fenti. Na wannan kuwa sabo fil, an naɗe shi a karkace. Begay da ko igiyar takalminsa ba ya ɗaurewa a karkace.

Ta same shi zaune a benci, hularsa a gwiwa.

"Malam, kai ka ba Kyaftin bindigar nan?"

"Da safe na lalube shi, na ba shi ta fenti. Da rana na je cin abinci, na dawo na ji ƙara." Ya dube ta. "In laifina ne, Marisa, kada ki duba fuskata. Yaron nan a hannuna uwarsa ta damƙa shi."

Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta nuna ba.

Ta kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. Kai ka ce baki guda aka raba musu: ba su ga komai ba, sun dai ji ƙara. Ta ƙyale su ta zagaya zauren. Can wajen ƙofar baya, wadda ba a shiga ta nan, ƙanshin gasasshen koren barkono ya daki hancinta. A kwandon shara ga takardun naɗe burito, wato nama da wake a naɗe cikin gurasa, cunkus, da sunan shagon Eufemia a jiki.

Ta sa aka dawo da Dalia Baca, ɗalibar da ta fi kowa kauce wa ido.

"A ina kuka ci abincin rana?"

"A waje, ranki ya daɗe."

"Takardun ne suka yi ƙafa suka shigo?"

Dalia ta sunkuyar da kai. Tafoya ba ta matsa mata ba, ta hau mota ta nufi gari.

Ta samu Inna Eufemia, mai shagon, tana goge tebur. Da Tafoya ta tambaye ta ko ta ga Kyaftin Pruitt yau, ta yi dariya.

"Kyaftin? Shi ya kwashe mini burito yau, wai yara sun yi ƙoƙari. Kwali biyu ya rungumo, ni na buɗe masa ƙofa."

"Da bindiga a jikinsa?"

"Ke 'yar nan, yaushe kika taɓa ganin Wendell a gari ba bindiga? Shi da bakinsa ya ce gara ya fito ba wando."

"Akwai shuɗin tef a jikinta?"

"Baƙa ce wuluk, kamar kullum. Me ya faru ne?"

Tafoya ta yi mata godiya har sau biyu, matar ba ta san girman abin da ta yi ba.

Ta koma makarantar ta samu Dalia tana jiran ta a bakin ƙofa, idanunta sun yi ja.

"Kyaftin ya ce in gaskiya ta fito, Hukuma za ta rufe makarantar, wahalar da muka sha duk ta tashi a banza," in ji Dalia. "Ya ce Sajan dama ya kusa ritaya, ba abin da zai rasa."

"Ƙarya ya yi muku. Hukuma mai laifi take kamawa, ba ɗalibi ba. Ko an rufe nan, wata makarantar za a kai ku ku ƙarasa. Amma Sajan, takardarsa zai rasa, ya kuma tsaya gaban alƙali."

Dalia ta fashe da kuka.

"Ta ƙofar baya ya shigo, hannuwansa cike da kwali. Muna ci yana wasa da Nolan, ya ce bari ya nuna masa saurin hannu. Da Nolan ya faɗi, mu muna danne ciwon, shi yana naɗa wa bindigarsa tef."

"Za ki maimaita wannan a gaban kowa?"

"Zan maimaita. Tun ɗazu na kasa kallon Sajan."

"Na gode, Dalia. Yau kika fara aikin ɗan sanda."

Tafoya ta kira 'yan sandan jiha biyu, suka shiga ofishin Pruitt. Ta ajiye bindigar a gabansa.

"Yallaɓai, ka ce wannan Sajan ne ya ba ka."

"Na faɗa miki."

"To ina taka, wadda ka je shagon Eufemia da ita?"

"Tana cikin akwatina."

"Buɗe mu gani."

Pruitt ya dubi akwatin, ya dubi makullin da ke hannunsa. Gumi ya keto masa. Bai tashi ba.

"Mantawa na yi," ya ce da ƙyar. "Na rantse mantawa na yi tana ƙuguna. Hannuna ya saba."

"Mantuwa ta kowa ce. Tef ɗin fa, shi ma mantuwa ne?"

"Tsoro ne. Na ga rayuwata ta rushe, na ce Orville ba zai yi musu ba."

"Ka san shi kuwa. Da ya ɗauki laifin, don yana ganin komai ya faru a zauren nan alhakinsa ne." Ta miƙe. "Na dakatar da takardarka da sunan Hukuma. Sauran kuma na alƙali ne."

Aka sa masa ankwa, aka fito da shi ta gaban ɗalibansa. Ba wanda ya sara masa.

Begay yana nan a bencinsa. Ta zauna kusa da shi.

"Malam, an wanke ka."

Ya buɗe baki zai yi godiya. Ana haka wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyar Nolan ce daga asibiti. Tafoya ta saurara, ta rufe wayar da tafin hannu, ta juyo wurin Begay cike da farin ciki.

"An cire harsashin, ya farfaɗo. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an kore ka."

Tsohon ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya ɗago, ya share ido da bayan hannu.

"Na gode, Marisa. Ki ce masa ina nan, kuma ba zan yaye ajin nan ba sai ya dawo."