Awa Biyu a Shagon Ɗinki

Falon Hajiya ba falo ne da ake ɗaga murya a cikinsa ba. Kujerun a lulluɓe suke da farin yadi, hotunan 'ya'yanta da hulunan digiri suna jere a bango. A nan aka zaunar da Auta kamar mai laifi a gaban alƙali, alhali saura wata biyu ta auri Injiniya, ɗan Hajiya tilo namiji.

"Me kika ce ma sunan karatun nan naki?" Hajiya ta tambaya, ba tare da ta dube ta ba.

"Antiropoloji, Mama. Nazarin yadda mutane ke rayuwa, da sana'arsu, da zamansu da juna."

Gwaggo, ƙanwar marigayi maigidan, ta taɓe baki. "Wato gulma ce aka ɗinka mata rigar digiri. Mu da muka yi tamu a bakin ƙofa, ashe satifiket muka yi asara."

Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, furojet ɗinta kuwa a kan mata masu ɗinki ne. Wata uku tana zama a shaguna da littafi da rikoda. Kowace mace sai ta sa hannu a fom kafin ta yi magana, ita ma Auta ta sa nata, cewa za a sauya suna, kuma babu kunnen da zai ji muryar sai nata. Yaya Babba, yayar Injiniya, ita ce tela ta goma sha huɗu. Ta sallami kwastomomi, ta rufe shago, suka yi awa biyu. Da aka buɗe ƙofa idanun Yaya Babba sun kumbura, Gwaggo kuwa tana wucewa, ita ta kai wa Hajiya labari.

"Shekara talatin ina riƙe da sunan gidan nan, ba a taɓa jin kanmu a titi ba," in ji Hajiya. "Yau 'yata ta zauna ta yi kuka a cikin na'urarki, za ki kai wa malamai su ba ki maki. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Kunna mini in ji abin da na yi mata."

"Mama, ki gafarce ni. Na yi mata alkawari."

"Ni kike faɗa wa alkawari a kan 'yar da na haifa?"

"Ba zan iya ba, Mama."

Da Hajiya ta san abin da ke ciki, da ba ta yi zancen sunan gida ba. Yaya Babba ta fara ne da labarin zare da kwastomomi masu rigima, sai muryarta ta karye: likita ya ga ƙari a ƙirjinta, za a yi mata tiyata nan da sati shida. Hajiya kuwa mai hawan jini ce, tun rasuwar mijinta ko kalmar asibiti aka ambata sai jiri ya ɗebe ta. Yaya Babba ta yanke shawarar ba za ta faɗa mata ba sai an gama.

A mota, Injiniya ya kashe injin ya juyo. "Haba Auta, minti biyar kawai ki kunna mata, a wuce wurin. Mama ce fa, ba 'yar jarida ba."

"Ba zan kunna ba."

"To ni ki faɗa mini. Ni ai ba bare ba ne."

"Ko kai."

"Oke. Kin zaɓi furojet a kaina kenan."

"Ba furojet na zaɓa ba. Da kai ne ka zauna a gabana ka zazzage abin da ke cinka, za ka so in kunna wa duk wanda ya ɗaure mini fuska?"

Ya tayar da motar. Kwana uku bayan haka Hajiya ta aika gidansu Auta cewa a dakata da maganar aure.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne ga duk wanda ya sa baki a ciki. Matan da ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba suka zama masana a kan karatunta. Wasu suka ce tana sayar da asirin gidaje a intanet, wasu suka ce ta naɗi muryar rabin dangi a ɓoye. Mahaifiyarta ta daina fita unguwa. Injiniya, wanda ya sha rantsuwa cewa ba ya iya wuni bai ji muryarta ba, ya iya sati biyar cur. Auta ta yi kuka har ta rame, amma kowace Talata ita ce ke riƙe jakar Yaya Babba a layin asibiti, tana roƙonta ta faɗa wa uwarta, ana ce mata tukuna.

Sai da aka fito da Yaya Babba daga ɗakin tiyata lafiya, sannan mijinta ya je ya ɗauko Hajiya. Ta shigo Injiniya na riƙe da hannunta, Gwaggo a baya. Suka tarar da Auta a bakin gado tana jiƙa wa marar lafiya leɓe da auduga.

Hajiya ta daɗe tana shafa goshin 'yarta. Sannan ta juyo wajen Auta. "Kin san za a yanka mini 'ya, kika dube ni kika yi shiru?"

"Na roƙe ta ba adadi, Mama. Amma maganar tata ce, ba tawa ba."

"Mama," Yaya Babba ta ce a hankali, "da ba don na tabbata ba za ta faɗa ba, da babu wanda zan faɗa wa. Da ni kaɗai zan riƙa zuwa nan."

Gwaggo ta gyara mayafi. "Ai dama ni tun farko na ce yarinyar nan tana da..."

"Yi mana shiru," in ji Hajiya. "Ke minti ɗaya kika ga ido ya kumbura, kafin yamma gida bakwai sun ji. Ita ta riƙe sati shida, aurenta na rushewa a kanta." Ta dubi ɗanta. "Kai kuma da ka tsaya kana kallon silin, ni tsufa da tsoro suka ruɗe ni. Kai mene ne naka uzurin?"

Injiniya ya durƙusa a gaban Auta, a gaban nas da kowa. "Na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Zan yafe," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Amma sati biyar ne, Injiniya. Sai ka ji bayaninsu ɗaya bayan ɗaya."

Ba a ƙara ko kwana ɗaya a kan ranar auren ba. Hajiya ba mace ce mai furta kalmar ban haƙuri ba, amma da ƙafarta ta je gidansu Auta, ta zauna a gaban mahaifiyarta ta janye maganarta.

'Yan mata, ku riƙe wannan: amanar da kuka ƙi saki don a so ku, ita ce wata rana za ta sa a kasa rabuwa da ku. Iyaye kuma mu yi hattara, kada kishin sunan gida ya sa mu kori wadda ta fi kowa iya tsare shi.