Sandar Albarka Mai Jan Kai

Ana saukowa daga masallacin Juma'a wayar Sufeto Halima Sadiya ta yi ƙara. Kofur Ɗalha ne.

"Ranki shi daɗe, ki zo gidan sunukan Zayyanu yanzu. An sace sanda."

"Sanda? Kofur, kan sanda kake kira na ina cin abinci?"

"Sandar buga sunuka ce. Samarin Gwandu sun cika titi, sun ce in ba ta hito ba sai sun ƙone wurin."

Ta ture kwanon shinkafar ta ɗauki hularta.

Duk Kalgo an san da wasan ranar. Wasan ƙarshe ne na gasar sunuka, wasan buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, da ake yi tsakanin samarin Kalgo da na Gwandu, kuma bayan La'asar za a buga shi. Gwandu sun kawo gwaninsu, Albarka. Kalgo sun tsayar da Muzzammil, wani ɗalibin jami'a da ba a taɓa cinye shi a teburin gida ba.

Da ƙyar motar 'yan sanda ta ratsa. Babura ko'ina, ana ta nuna wa juna yatsa. Sufeto ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin wasan, ta bar mutum huɗu kawai: Zayyanu mai gidan, Muzzammil, Albarka, da abokinsa Lukuman, wanda yake riƙe masa jakar sanda duk inda za shi.

Albarka na zaune a benci, doguwar jakar a kan cinyarsa, a buɗe, ba komai ciki.

"Faɗa mini," in ji Sufeto.

"Nan na aje ta bisa tebur munka tahi masallaci. Zayyanu ya ruhe ƙofa. Da munka dawo, jaka ta nan, sanda babu."

"To ga sanduna nan jere a bango. Ka ɗauki wata mana."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta ce ya canza hannu.

"Ranki shi daɗe, ba ni bugu da wata. Tun da na fara wasa ita ce. Ba ni jingine ta ga bango don kada ta lanƙwashe. Ba ni barin ta cikin rana. Kan nata ma ni na yi shi da hannuna, da jar fatar akuya da na saya wurin dukawan Gwandu, na matse ta, na goge ta da samfefa har ta yi tudu kamar bayan ƙwarya. Gindin kuwa duk Juma'a sai na shafe shi da man shanu, yadda babana ke yi ma sandar kiwonsa don kada ta tsage."

"Man shanu?" Muzzammil ya fashe da dariya. "Sanda ce ko tuwo?"

"Ka ji shi ko!" Lukuman ya zabura. "Shi ne! Ya san in Albarka ya riƙe sandar nan, kashinsa ya bushe. A bincike ɗakinsa!"

"Zauna," in ji Sufeto. "In Albarka bai buga ba, me zai faru?"

Zayyanu ya amsa. "Dokar gasa ta ce na biyunsu shi shiga madadinsa."

"Wane ne na biyun?"

"Ni ne," in ji Lukuman. "Amma wallahi ba don ina so ba. Don dai kada a ce Gwandu ta gudu."

"Akwai mai hoton sandar?"

"Ina da shi."

Lukuman ya zaro waya, ya ɗora babban yatsa a kanta. Ta ƙi buɗewa. Ya sake, ta ƙi. Ya yi tsaki ya danna lambobi, sannan ya miƙa mata. Sanda ce mai ruwan zuma, gindinta baƙi-baƙi yana sheƙi, kanta ja wur.

Ta mayar masa da wayar ta fara zagaya teburin a hankali, idonta a ƙasa. A gindin ƙafar tebur ta baya ta tsaya, ta durƙusa kamar mai gyara igiyar takalmi. Wani ɗan abu ne bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Jar fata, samanta da shuɗin alli, ƙasanta a yanke sumul da reza.

Ta jefa shi aljihu ba wanda ya gani.

Ɓarawon da ke sauri, me zai tsayar da shi yanke kan sanda? Sai dai in yana tsoron a gane ta. Wanda ke tsoron a gane ta kuwa, bai yi nisa da ita ba.

Ta ja Zayyanu bakin ƙofa.

"An ce ka rufe?"

"Awo, ranki shi daɗe. Da kwado. Makulli bai bar aljihuna ba."

"Ban ga inda aka fasa ba."

"Ni ma abin da ke ban mamaki ke nan."

Kwadon na rataye a jikin sakata. Ta danna shi ya kulle. Ta riƙe shi ta fizga sau ɗaya. Ya buɗe baki ya faɗo hannunta.

Zayyanu ya sosa ƙeya.

"Malam Zayyanu, wannan kwadon ko akuya ba zai hana shiga ba. Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi. Kullum ina cewa zan canza."

"Wa ya sani?"

"Yaran Kalgo duk sun sani."

"Har Muzzammil?"

"Har shi."

"Na Gwandu fa?"

Zayyanu ya ɗan yi tunani. "Ɗazu dai da zan yi alwala na ba Lukuman kwadon shi rataya mini. Ban san ko ya lura ba."

Ta koma ciki ta tsaya gaban Muzzammil.

"Ina ka yi sallar Juma'a?"

"Babban masallaci. Sahun gaba."

Kofur Ɗalha ya yi gyaran murya. "Ranki shi daɗe, ni ina sahun gaba. Ban gan shi ba."

"To... na biyu."

"Muzzammil," in ji Sufeto, "waje akwai mutanen da ke jiran in ce kai ne. Ka zaɓa."

Ya sunkuyar da kai. "Barci ya kwashe ni a ɗaki. Ana sallamewa na iso. Don Allah kada maganar ta je kunnen babana."

"Miƙo hannuwanka."

Ta juya su ciki da baya. Ba komai sai shuɗin alli a tsakanin yatsu.

"Kin gani ko!" in ji Lukuman. "Maƙaryaci ne. Wanda ya yi ƙarya kan salla, mi zai hana shi sata?"

Sufeto ba ta kula shi ba. A waje hayaniya na ƙaruwa. Wani ya jefi rufin kwano da dutse, ƙarar ta cika ɗakin. Kofur ya leƙa ya dawo.

"Lokaci na tahiya, ranki shi daɗe. An kusa kiran La'asar."

Ta tsaya tsakiyar ɗakin ta riƙe ƙugu. Sandar sunuka ba allura ba ce. Tsawonta ya kai ƙirjin mutum. Ranar Juma'a, titi cike da masu tafiya masallaci, wa zai fita da ita ba a gan shi ba?

Ta bi sandunan da ke jere a bango da kallo. Duk iri ɗaya, gindinsu naɗe da baƙin salatef na masu gyaran wuta, kawunansu shuɗaye. Can a kusurwa, bayan durom ɗin ruwa, wasu na jingine sun yi ƙura.

"Waɗancan fa?"

"Matattu ne," in ji Zayyanu. "Sun lanƙwashe. Itacen wuta zan ba da su."

Har ta juya, sai idonta ya sauka a kan siminti. Wani siririn layi ne ja-ja yana motsi. Kiyashi. Sun fito daga tsagar bango, sun bi gefen durom, sun nufi kusurwar.

A Dalijan ta tashi, gidansu na kallon rugar Fulani. Ta sha ganin kakarta tana ɗora kwalbar man shanu a cikin kwanon ruwa, saboda ko a ina aka ɓoye ta sai kiyashi sun gano.

Ta bi layin. Kiyashin sun tsallake sanda ta farko, sun tsallake ta biyu, sun taru a gindin wata suna kutsawa ƙarƙashin salatef.

Ta zaro ta, ta kai hanci. Ta yi murmushi.

"Kofur, ba ni wuƙarka."

Tana warware salatef ɗin, baƙin katako mai sheƙi ya bayyana. Albarka ya miƙe, jakar ta faɗi ƙasa.

"Ita ce! Wallahi ita ce!" Ya karɓe ta da hannu biyu, ya kwantar da ita a kan tebur ya gangara ta. Ta mirgina sumul, ba tangarɗa. "Alhamdu lillahi, ba ta lanƙwashe ba. Amma wane mugu ne ya jingine ta ga bango? Kuma mi ne ne wannan bisa kanta?"

Sufeto ta duba. An manna mata wani shuɗin kai irin na kanti, a karkace. Gam ya tsiyayo ta gefe ya bushe fari fat. A cikin busasshen gam ɗin akwai shatin yatsa, zanensa ya fito sarai.

"Wane irin gam ne wannan?"

"Sufagulu ne," in ji Albarka. "Ɗigo ɗaya ake sawa. Wannan ya zazzaga shi kamar mai zuba miya."

"In ya taɓa yatsa fa?"

"Sai ya kwana biyu bai hita ba. Ko da sabulu."

Ta juya a hankali. Lukuman ya matsa kusa da ƙofa, hannunsa na dama cikin aljihu. Kofur Ɗalha ya riga shi tsayawa a wurin.

"Malam Lukuman, sake nuna mini hoton nan, in gwada da sandar."

"Ai kin riga kin gani."

"Ina son in ƙara gani. Da yatsa za ka buɗe, ban da lambobi."

Ya zaro wayar. Ya ɗora yatsa. Ta ƙi. Ya goge a riga ya sake ɗorawa. Ta ƙi.

"Wayarka ce kuwa?"

"Tawa ce. Zuhwa ce ta yi mini yawa."

"Juyo hannun."

Bai juyo ba, sai da Kofur ya kama masa. Cikin babban yatsan ya yi fari, ya ƙandare kamar ɓawon kifi, har da ɗan shuɗin alli manne a ciki.

Sufeto ta ɗora sandar kusa da yatsan. "Ka yi wa duk mutanen nan ƙarya sun yarda. Wayarka ce kawai ta ce ba ta san ka ba."

Albarka na kallon abokinsa, bakinsa a buɗe.

"Luku? Kai?"

Lukuman ya zauna a ƙasa.

"Ni ne. Da na rataya kwadon na ji bai kama ba. Munka kai bakin masallaci na ce maka zan sake alwala, na dawo. Na yanke kan don kowa ya san shi, na naɗe gindin. Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. In an gama wasa zan maishe ta."

"Don mi?"

"Don mi?" Muryarsa ta tashi. "Duk inda munka je, Albarka, Albarka. Ni kuwa mai jaka. Ko sunana ba a sani ba. Sau ɗaya nike son in tsaya gaban tebur mutane su kalle ni."

"Da ka roƙe ni."

"Da ka ba ni?"

Albarka ya mayar da idonsa kan sandar.

"Kuma ka so a ƙona gidan mutum, a fasa kan Muzzammil a banza," in ji Sufeto. "Kofur, sa masa ankwa."

Ladan ya ɗaga murya da kiran La'asar. Albarka ya dubi shuɗin kan da ke karkace, ya girgiza kai.

"An same ta, amma da wannan ba ta buguwa. Nawa kuwa ya tahi."

Sufeto ta sa hannu a aljihu, ta buɗe tafinta a gabansa. Jar fatar na zaune a tsakiya.

Ihun da ya yi sai da na waje suka ji. Nan take ya karɓi reza a hannun Zayyanu, ya ɓamɓare kan kantin, ya kankare busasshen gam har bakin sandar ya yi fes. Ya goga ƙasan jar fatar a samfefa, ya ɗiga gam ɗigo ɗaya, ya daidaita, ya kife sandar a kan tebur ya danne. Muzzammil ne ya riƙe masa gindin don kada ta motsa.

"Ka manna da kyau, Bafillace," in ji Muzzammil. "Ba na son in cinye ka ka ce kai ne ya cire."

"Je ka yi salla tukuna, mai barcin Juma'a."

Sufeto ta fita bakin ƙofa ta ɗaga hannu. "Sanda ta fito! Ba ɗan Kalgo ne ya ɗauka ba. Kowa ya je ya yi salla, wasa na nan!"

Titin ya kaure da sowa. Waɗanda ɗazu ke neman duwatsu suka shiga rige-rigen buta.

Da aka idar, Kofur ya fito da Lukuman ta tsakiyar jama'a. Samarin Gwandu suka dare masa hanya, kowa na kallonsa. Sai da aka tura shi bayan mota sannan ya ɗago kai.

Daga cikin ɗakin aka ji ƙarar bugun farko, kas! Ƙwallaye suka watse, ɗaya ta faɗa rami, wata ta bi ta. Rufin kwanon ya amsa da ihu.

"Albarka! Albarka!"

Sufeto Halima Sadiya ta shiga gaban mota ta ja ƙofa. Wani kiyashi ɗaya na tafiya a hannun rigarta. Ta sa yatsa ta ɗauke shi a hankali, ta ajiye shi a ƙasa ta taga.

"Ja mu je, Kofur. Shinkafata ta huce."