Bisimillar da Ba Ta Sauka Ba

Rana ta yi ja a kan kogi, matan imara suna kan rufi suna hura gawayi. Imara suke kiran dogon benen nan mai hawa shida da ke bayan kasuwar Sinja, kuma kusan duk masu haya a cikinta Hausawan ƙauyukan bakin kogi ne da yaƙi ya taso, mutanen da a da ba su taɓa hawa abin da ya wuce rumbu ba. Hadizatu tana kan kujerar tsuguno tana shafa kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, a kasko. 'Yarta Samira ta gama figar kaza, ta ɗauki tukunyar ruwan zafi, ta yi bisimilla kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama, ta juye shi a bakin bututun da ke sauke ruwan sama zuwa ƙasa. Daidai nan aka kira magariba.

Ladan bai kai ƙarshe ba dutse ya faɗo tsakanin murahu. Wani ya biyo shi, ya daki gefen allon sola. Matan suka ɗaga kai, babu kowa sai sama, kuma a duk unguwar babu ginin da ya kai nasu tsawo. Hadizatu ta ɗauki dutsen. Jiƙe yake, da ɗumi kamar an tsamo shi daga tukunya. Ta ajiye shi a hankali, ta goge hannu a zaninta.

Girkin kan rufin nan ita ce ta kawo shi. Wutar gwamnati ta zama baƙuwa a garin, sai solar da mai gida ya kafa, ita kuwa ba ta iya ɗaukar famfon tura ruwa da hitocin girki a lokaci guda. In na ƙasa suka kunna hita, famfo ya mutu, na sama su kwana da ƙishirwa. Hadizatu kuwa a hawa na ƙarshe take, ita da 'yarta tilo, tun da mijinta ya rasu a hanyar gudu. Sai ta yi ta bin ƙofa-ƙofa. Ta sha shayin da ba ta so, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta yi wa wannan kitso, ta riƙe wa waccan goyo, har dai kowa ya yarda a ajiye hita, a hau rufi da gawayi, a kashe fitilar ƙasan tsani da ke kwana a kunne ba don kowa ba. Ruwa ya fara isa sama. Har Asabe ta hawa na biyu, wadda ba ta taɓa yabon ko miyar uwarta ba, ta ce Hadizatu ta yi ƙoƙari.

Washegari da magariba duwatsun suka dawo. Bayan su sai murya. Daga cikin bututun take fitowa, siririya, kamar kukan yaron da ya gaji da kuka. In aka matsa kusa sai ta yi shiru, in aka ja baya ta ci gaba. Mata suka fara kwashe murahunsu tun la'asar. Da yamma sai Hadizatu ta ji famfo ya yi tari ya tsaya, ta san wata ta mayar da hitarta. Ba ta sauka ta yi magana ba, don ita ma tsoron tsanin take yi.

Samira ta daina cin abinci. Yarinyar da surutunta ke cika ɗaki sai ta koma zama a lungu tana shafa bayanta, tana cewa zafi. Uwar ta ɗaga rigar, fata lafiya lau. Ta shafa mata man riɗi, ta tofa mata abin da ta sani, abin da ta sani kuwa ba yawa. Ran nan ana kiran magariba Samira ta miƙe tsaye, idanunta a buɗe amma ba ita ce a cikinsu ba. Ta dubi uwarta ta ce da muryar tsohuwa mai kaushi:

"Ke ce mai kashe fitila?"

Hadizatu ta dafa kan yarinyar. Ta kira sunan 'yarta, ta sake kira, yarinyar ba ta ko ƙifta ba. Babu abin da ya fi wannan ciwo, ɗanka yana gabanka, hannunka yana kansa, amma ba ka da hanyar isa gare shi.

Uzairu mai gadin imara shi ya hau mota zuwa Abu Na'ama ya ɗauko Faki Abdussalami, dattijon malami da mutane ke kai wa irin wannan lalura. Faki ya iso washegari da yamma, ya tsaya a ƙofar gini ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Ya ƙi hawa. Ya ce a sauko da yarinyar, don mai maganar a ƙasa take. Maza suka naɗe Samira a bargo suka sauko da ita hawa bayan hawa, ƙofofi suna buɗewa kaɗan suna rufewa. Aka kwantar da ita kan tabarma a ƙasan tsani, kusa da inda bututun ya ƙare. Wurin duhu ne, da sanyi da warin laima.

Faki ya zuba lubban a garwashi, ya riƙe babban yatsan yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Jikin Samira ya sandare, ya lanƙwashe, sai muryar ta fito.

"Sassauta, malam. Ina ji."

"Wace ce ke, kuma mi kike so ga ɗiyar mutane?"

"Tun wurin ga yana kurmin gabaruwa muke nan. Suka gina, suka hau sama, ba mu ce komi ba. Da suka kashe fitilar ƙasa muka ce to, sun bar muna nan. Na kawo jikana na kwantar bakin bututu, don akwai sanyi. Sai ruwan wuta ya sauko mishi a baya."

Hadizatu ta rarrafo. "Wallahi ta yi bisimilla! Da kunnena na ji ta!"

Kan yarinyar ya juyo a hankali. "Ta yi ta a sama. A ƙauyenku kuna faɗi kuna zubawa gaban ƙafarku, mu ji mu kauce. Nan wa ya ji? Ruwan ya sauko, maganar ba ta sauko ba."

Faki kansa ya sunkuyar da kai.

"Ba da gangan ta yi ba," in ji shi. "Kuskure ne, kuma Allah ya hana zalunci tsakaninmu da ku. A yanka miki rago."

"Rago ba ya mayar da fata. Zan tafi da ita ta yi jinyar shi."

Hadizatu ta ƙwala ihu. Faki ya ɗaga murya da karatu, ya matse yatsan, hayaƙi ya cika ƙasan tsani, tsohuwar ta yi ta kururuwa da bakin yarinyar har jijiyoyin wuyanta suka tashi. Uwar tana ji tana gani, ba ta san wanda ake ƙonawa ba, aljanar ko 'yarta.

"Halas, malam, ya isa! Zan fita. Amma da sharaɗi."

"Faɗi."

"Ta zauna ƙasa, inda in ta yi magana za mu ji. Duk ranar da ƙafarta ta taka tsani, nan ko wani gari, na dawo, kuma ba kai ba, ko malaminka ba ya fitar da ni."

"Har yaushe?"

"Har bayan jikana ya warke."

"Yaushe ke nan?"

"Mu ba mu ƙidaya kwanaki irin naku."

Faki ya ja, ya roƙa, ya yi barazana, ba ta ƙara ko rage ba. A ƙarshe ya sa ta rantse, ta rantse. Samira ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, numfashinta ya dawo daidai. Kukan cikin bututu ya ɗauke.

Hadizatu ta dubi Faki, ya kawar da ido. "Hajiya, abin da na iya ke nan," in ji shi.

Ta juya ga maƙwabtan da suka taru a kan matakala. Ƙasan imara shaguna ne kawai, a kulle, babu ɗakin kwana ko ɗaya. Gidansu na ƙauye ba rufi ba ƙofa. Duk abin da ta mallaka a duniya yana can hawa na shida.

"Ya jama'a, ko wani ya san mai ɗaki a ƙasa?"

Asabe ta gyara mayafi ta ce ta bar tukunya a wuta. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, takunsu yana raguwa a sama, har ya rage daga Uzairu sai Faki yana naɗe buzunsa.

Samira ta buɗe ido. Idonta ne, nata na gaskiya. Ta dubi duhun, ta dubi tabarmar, ta yi ƙoƙari ta tashi zaune.

"Inna, mi muke yi nan? Sanyi nike ji. Yunwa kuma."

Ta miƙe tana tangaɗi, ta nufi tsani. Hadizatu ta yi wuf ta cafke gefen zaninta da hannu biyu, ta riƙe gam.

"Inna, sake ni mana. Mu hau gida."

Hadizatu ta dubi tsanin. Ta ƙara damƙe zanin.