Allura Mai Cizo

"Ka karɓe ta, Likita. Wallahi na gaji!"

Wata mai ɗinki ce, ta dire kwali a kan teburin likitan dabbobi har kwalaben magani suka yi ƙara. Daga ciki wata 'yar kyanwa mai ruwan toka ta leƙo, kunnuwanta sun fi kanta girma.

Likitan ya tsaya kallon hannun mai ɗinkin maimakon kyanwar, hannun da yakushi da shaidar haƙora suka zane tun daga yatsu har wuyan hannu.

"Wa ya yi miki wannan aikin?"

"Ka ga wani zaki a nan ban da ita?"

Ya yi murmushi, abin da ya ƙara ƙular da ita. Mai ɗinkin ba ta saba a yi mata murmushi bayan ta yi magana ba. A layinsu Ƙaya ake kiranta, kuma ba a yi mata ƙarya ba, don kafin ka faɗi ɗaya ta mayar maka da uku.

"A ina kika samo ta?"

"A kwatar bayan shagona, bayan an ɗauke ruwa. Idonta ma bai gama buɗewa ba. Da sirinji na riƙa ba ta madara har ta rayu, yanzu ga sakayyata. Jiya jinina ya ɗiga a kan farin yadin mutane."

"Da hannu kike mata wasa?"

"To da ƙafa zan yi mata?"

Ya ja kujera ya zauna. "Malama, ba mugunta ba ce. 'Ya'yan kyanwa a wajen 'yan uwansu suke koyon cizo. In ɗaya ta gasa wa 'yar uwarta haƙori, waccan sai ta yi kuka ta bar wasan. Daga nan take gane akwai zafi. Wannan ita kaɗai ta tashi, ba ta samu wanda zai gaya mata ba."

Ƙaya ta kawar da kai. Ita ma ita kaɗai ta tashi, a hannun gwaggonta, ba wa ba ƙani. Shekara biyu ke nan da rasuwar gwaggon, kuma tun daga ranar ɗakin da ke bayan shagon bai ƙara jin muryar mutum biyu ba.

"To yaya zan yi?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"In ta cije ki, kada ki dake ta, kada ki fizge hannu. Ki ce wash, ki tashi ki fita, ki ƙirga sittin. Sannan ki dawo."

"In dawo in yi me?"

"Ki dawo kawai. In kika fita ba ki dawo ba, abin da za ta koya shi ne an sake jefar da ita."

Ta ɗauki kwalinta ta tafi, ko godiya babu.

Sunan kyanwar Allura, saboda haƙoran nan. Ƙaya ta ɗaura guntayen ƙyalle a jikin zare, ta ɗaura zaren a tsohuwar rula, hannu kuma ta daina bayarwa. Sau goma a wuni za ka ga ta fito ƙofar shago ta tsaya, leɓɓanta na motsi. Mai kitson da ke maƙwabtaka da ita ta fara raɗa wa mutane cewa kaɗaici ya taɓa Ƙaya.

Rana ta huɗu sai ga Likita da yamma, wai hanya ce ta biyo da shi.

"Hanyar gidanka ta nan take?"

"Daga yau dai."

Ta yi tsaki, amma ta kawar da tarin yadi daga kan benci.

Haka ya mayar da wurin wajen zamansa. Yana kaɗa wa Allura rula, ita tana taka keken ɗinki, suna hira. In ta yaɓa masa magana sai ya yi dariya ya ce, "'Yar ƙayata, yau haƙoran da kaifi." Wata rana ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Likitan mutane ya so ya zama, sau biyu yana faɗuwa jarrabawa, kuma har yau in 'yan gidansu sun taru likitan kaji suke ce masa. Yana faɗi yana dariya, amma ta ga dariyar ba ta kai ido ba.

Ranar ce ta san tana sonsa, kuma tsoro ya kama ta, don duk wanda ta taɓa so ya tafi ya bar ta.

Mai kitso kuwa ta daɗe da sa ido a kan Likita, ga shi ita take yi wa yayarsa kitso. Tana tsaga gashi tana zuba labari, har ta cika wa matar kunne.

Wata safiya yayar ta shigo shagon da leshi a jaka, tana ƙare wa ko'ina kallo. Ƙaya ta gane ta, hancinsu ɗaya da ƙaninta. Ta gaishe ta har ƙasa, ta fara awo. Ana cikin haka gefen mayafin matar ya riƙa lilo kusa da ƙasa, Allura kuwa ba ta san manya ba. Ta daka tsalle, ta kuskure mayafin, ta kama idon sawu.

Matar ta sa ƙafa ta shure ta har ta bugu da ƙafar keke.

"Anti! Jaririya ce fa!"

"Jaririya? Ai an gaya mini. Daga ke har ita tsintattu ne, ba wanda ya koya muku tarbiyya. Ƙanina tausayi ke ɗawainiya da shi, tun yana yaro duk abin da aka yar shi yake kwasowa."

Ƙaya ta miƙa mata leshinta. "Ga hanya nan."

Ta wuni da Allura a cinya, ko zare ba ta sa a allura ba. Kalmar tausayi ce ta tsaya mata a rai.

Da yamma ya zo da sauri, ko rigar aiki bai cire ba.

"Masoyiyata, na ji abin da ya faru. Ki bar ni da Yaya, ni zan..."

"Za ka me? Kai da ba a jin maganarka a gidanku?"

"Ki saurare ni mana."

"Ba na son tausayinka! Ka je ka nemi wata a kwata ka tsinta. Ai dama abin da ka iya ke nan, tunda mutane sun fi ƙarfinka. Likitan kaji kawai!"

Tana rufe baki ta san inda maganar ta sauka. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya dube ta, ya ajiye rular da ya ɗauka a kan benci.

"Wash," ya ce a hankali.

Ya fita.

Ta tsaya a tsakiyar shago. Ba ta san lokacin da ta fara ƙirga ba. Ɗaya... biyu... uku... Ta kai sittin, ƙofa ba ta motsa ba. Ta sake daga farko.

Kwana tara bai zo ba.

Benci ya koma wajen tara yadi. Da yamma in ta ji takun takalmi sai ta ɗaga ƙafa daga keke, takun ya wuce, ta ci gaba. Mai kitso ta leƙo sau biyu tana tambaya da murmushi ko baƙon nan lafiya. Ƙaya ba ta tanka ba, har mai kitson ta tsorata da shirun.

Rana ta tara tana tsintar fil a ƙasa, Allura ta zo ta kama yatsanta da baki. Ƙaya ta runtse ido tana jiran zafin. Haƙoran suka taɓa fata, suka tsaya. Kyanwar ta ɗago ta dube ta, ta saki yatsan, ta fara lasarsa.

Ƙaya ta zauna a ƙasa ta fashe da kukan da rabonta da shi tun ranar da aka fita da gwaggo.

"Ke kin koya," ta ce, "ni ce ban koya ba..."

Ta sa Allura a kwali ta rufe shago.

Likita yana wanke hannu ta shiga wajen aikinsa. Ya rame, ta lura. Ta ajiye kwalin a hankali.

"Me ya same ta?"

"Lafiyarta lau. Ta daina cizo."

"Madalla."

Ya juya zai ɗauki tawul. Kalmomin sun yi mata nauyi, don ba ta taɓa faɗa wa kowa su ba.

"Ka yi haƙuri. Abin da ka ba ni amana na ɗauka na soke ka da shi. Na ƙirga sittin... na ƙirga har na gaji, ba ka dawo ba."

"Na ƙirga ni ma, a bakin ƙofarki," ya ce. "Na kai sittin na kasa shigowa. Wannan cizon ya kai ƙashi."

"Tausayina kake ji? Ka gaya mini gaskiya."

"Wa ke tausayin ƙaya? Sonki nake yi. Haka na gaya wa Yaya a gaban kowa, na ce in ba za ta zo ta ba ki haƙuri ba, to ranar aurenmu ta zauna a gida. Tana ta fushi, amma jiya ta tambaye ni ko kyanwar ta ji ciwo."

Ƙaya ta share hawaye da gefen mayafi.

"In na sake cizo fa? Ban yi alkawarin na warke ba."

"Zan ce wash, in fita."

"Ka dawo?"

Ya rataye tawul, ya wuce ta, ya fita ya ja ƙofa.

Ta tsaya ita da kwalinta, ta fara ƙirga.

"Ɗaya... biyu... uku..."

Tana cewa bakwai ƙofar ta buɗe.

"Ki yafe mini, 'yar ƙayata," ya ce. "Kwana tara na yi, ba zan iya sittin ba."