Mai Gefen Fuska Ɗaya a Hanyar Nikaiya

Artemon, mai sassaƙa hatimin da ake buga kwabon tagulla na birnin Nikaiya da shi, yana dawowa ta bakin tafki da duhu, sai ya tarar da wata budurwa zaune kan dutse. Kwaɗi sun yi tsit. Iska sai ƙaurin narkakkiyar tagulla take yi, alhali maƙera na can cikin gari.

"Baba, ina hanyar gida?" Muryarta kamar kwabo ya faɗi a daɓe.

"Ke 'yar wane gari ce?"

"Da can ta nan ce. Yanzu a hannun 'yan birnin Nikomidiya nake yawo, a sayi kifi da ni, a miƙa ni a ƙofar gidan wanka."

Ya ɗaga fitila ya zagaya ta dama, gefen fuska ɗaya ya gani. Ya koma ta hagu, shi ɗin ne dai, ido ɗaya, kunne ɗaya, kamar fuskar da ke kan kwabo.

Hatimi guda ya taɓa hana kowa, wanda a kansa ya yi wa allahiyar birni fuskar 'yarsa Melitta shekarar da ta rasu. Ya damƙa shi ga ƙanensa Zotikos ya sa a kabarinta, don shi ya kasa zuwa. Zotikos har da hawaye ya rantse ya binne.

"Baffa ko ciniki bai yi ba," in ji ta. "Tayin farko ya sallama musu hatimin."

Fitilar ta haska haɓarta. Ga ɗan tabon nan na faɗowar Melitta daga itacen ɓaure, wanda babu mai sassaƙa shi sai uban da ya wanke jinin.