Rumfar Bakhita a Gidan Gilashi

Wata uku da tarewar Bakhita a sabon gidansu na Soba, ta gane cewa su uku ne a gidan: ita, da mijinta Badaru, da wani ɗan akwati da ke manne a bango kusa da ƙofa, wanda ya fi su ci. Mitar lantarki ce, wadda mutanen Khartoum ke kira jamra. Ka saya mata wuta ta lamushe, in ta ƙare gida ya yi tsit.

Gidan kam ya yi kyau, ba mai musu. Shekara bakwai Badaru ya yi a Jidda yana gyaran motoci kafin ya tsayar da shi, mahaifiyarsa Hajja Sittana kuwa ita ta riƙa zuwa daga Omdurman tana tsayawa a kan magina. Ita ta ce falo ya kalli yamma don ya fuskanci titi. Ita ta ce a saka tagogin gilashi tun daga gwiwa har sama da kai, mai wucewa ya san ɗanta ya je waje ya dawo. To rana ma ta sani. Da azahar take shigowa falon ta baje, rufin siminti ya sha zafi ya yi ta amayar da shi har bayan magariba, na'urorin sanyaya ɗaki guda uku suna ta gurnani ba hutu.

Wata la'asar Badaru ya dawo daga gareji ya tarar da ita a bakin ƙofa tana fifita da murfin kwano.

"Ta sake ƙarewa?"

"Tun ƙarfe biyu."

"Shekaranjiya fa na saka mata." Ya zauna a dandamali ya cire takalmi. "Bakhita, albashin nan ba irin na Jidda ba ne. Maigidana na can ya sake kirana. In dai kaharaba, wutar lantarkin nan, za ta ci gaba da cinye mu haka, wallahi ban ga yadda zan zauna ba."

Bakhita ta ajiye murfin kwanon. Shekara huɗu ta yi tana jiransa bayan an sa musu rana, soyayyar duk a waya, murya tana yankewa. Ba ta auri Badaru don ta koma jiran ƙarar waya ba.

"Ka ba ni wata biyu," ta ce. "Ni da jamrar nan, ka bar mu."

Ya yi dariya. "Dambe za ku yi?"

"Kai dai ka samo min farar ƙasa da tabarmi."

Bakhita 'yar birni ce, 'yar Hajj Yusuf, amma sai da ta shekara goma sha biyu a yankin Jazira wajen kakarta Nagoggo, a kambo, wato unguwar leburorin gonakin auduga, inda ba a san lantarki ba kuma ba wanda zafi ya kora daga ɗaki. Abin da ta gani a can shi ta kwaso. Ranar Juma'a suka hau rufi ita da Badaru suka shafe shi da farar ƙasa, ya sauko fari fat har gira tana yi masa dariya. Suka kafa rakuba, rumfar itace da tabarmi, a jikin bangon yamma ta tare gilashin, ta shuka soso a gindin kowane ginshiƙi. Bayan asuba ta buɗe tagogin arewa da na kudu iska ta ratsa, kafin hantsi ta rufe ta ja labule. Ta ajiye randa biyu a inuwa, firji ya huta da buɗe-buɗe. Na'urar ɗumama ruwa kuwa cire ta ta sa aka yi.

"Tankin da ke sama yana tafasa da kansa," ta ce, "mu kuma muna biyan kuɗi a ƙara masa wuta."

Da la'asar ta yayyafa wa tsakar gida ruwa, ta shimfiɗa tabarma a rakuba, ta dafa gahawa. Na'ura ɗaya kawai ake kunnawa, ita ma da tsakar rana. Wutar da take kwana uku ta koma tana kai su mako biyu, Badaru ya daina ambaton Jidda. Bakhita ba ta taɓa jin daɗi irin na waɗannan makonni ba.

Sai ga Hajja Sittana ta sauko daga mota ranar wata Laraba. Ta zo shirin karama, sadakar sabon gida, wadda ta gayyato mata arba'in daga Omdurman. Ta tsaya a ƙofa, ta dubi rumfar, ta dubi randunan, ta gyara tobinta, wato lafayar da ta yafa.

"Ina gilashin?"

Bakhita ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Hajja. Yana nan a bayan rumfa, saboda rana ne..."

"Saboda rana. Ɗana ya yi shekara bakwai a ƙasar mutane, ke kuma cikin wata biyu kin mayar masa da gida kambo. Dama na faɗa, wanda ya tashi a bukka ko ka kai shi bene sai ya nemi kara." Ta juya wajen Badaru. "Kai kuma kana tsaye? Me zan ce wa matan unguwa? Ka kasa sayen kaharaba?"

"Yumma, ki saurara..."

"Khalas, magana ta ƙare. Kafin jibi a cire wannan tarkacen. In kuma ita ke da gidan, ka faɗa min in koma inda na fito."

Badaru ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musa wa mahaifiyarsa ba, bai kuma san ta inda ake farawa ba. Washegari shi da kansa ya kwance igiyoyin. Bakhita tana daga madafa tana jin tabarmin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba cikin kullun kisira, wainar dawa ta mutanen ƙasar. Maganar kambo ta yi mata ciwo, amma ganin soson da ya fara hawa a yashe a ƙasa ya fi yi mata ciwo.

"Ma'alesh, yi haƙuri," ya ce da ya shigo, bai iya kallon idonta ba.

"Mahaifiyarka ce. Je ka wanke hannu."

An yi karama, mata sun sha sanyi har wata tsohuwa ta nemi bargo, Hajja ta koma gida da kai a sama. Ta kuma bar umarni: kada a sake rufe mata gilashi, kada baƙo ya shigo ya ji zafi. Baƙi kuwa ba su yanke ba, don labarin gidan ya zaga Omdurman. Jamra ta koma cinta na da, har ta ƙara.

Mako shida bayan nan Badaru ya zaunar da matarsa.

"Na amsa musu. Shekara uku ne. Ƙarshen wata zan tafi."

"Hajja ta sani?"

"Ban san yadda zan faɗa mata ba."

Bakhita ba ta yi masa gori ba, ko da yake maganar tana bakinta. Ta yi kukanta ta share. Da gari ya waye ta shiga bas, ta haye gada zuwa Omdurman. Ta tarar da Hajja a tsakar gida tana tsince wake, ta gaishe ta, ta zauna a ƙasa nesa kaɗan.

"Hajja, alfarma na zo nema. Idan ya tafi, ina so in dawo nan wajenki in zauna. Ba zan iya gidan ni kaɗai ba, gara a rufe shi."

Hannun Hajja ya tsaya a cikin faifai. "Idan wa ya tafi?"

"Ɗanki. Jidda zai koma."

"Wa ya kore shi?"

"Ba wanda ya kore shi. Gidan ne ya fi ƙarfin abin da yake samu a nan. Rabin albashinsa a kaharaba yake tafiya." Ta ɗago kai. "Rumfar nan ba don in kunyata ki na yi ta ba, Hajja. So nake ya zauna."

Hajja Sittana ta juyo ta dube ta. Da ta buɗe baki, ba muryar ranar Laraba ba ce.

"Lokacin da babansa yake jinya, kullum sai ya tambaye ni ko yaron ya samu hutu. Aka wanke shi aka kai shi, Badaru yana ƙarƙashin motar wani a Jidda. A waya na faɗa masa." Ta goge ido da bakin tobi. "Ni ma shekaruna sun ja, 'yata. Wa zai ɗauke ni ranar da tawa ta zo?"

Wannan ce rana ta farko da ta kira ta 'yarta. Bakhita ta matso ta karɓi faifan, suka ƙarasa tsince waken tare.

Ranar Juma'a da hantsi Badaru ya ji ana buga ƙofa. Ya buɗe ya ga motar ɗaukar kaya cike da sababbin tabarmi da itace da buhun farar ƙasa, mahaifiyarsa a gaba kusa da direba.

"Yumma, lafiya?"

"Sauke kaya, ka tsaya kana kallona. Ina Bakhita? Zo ki nuna masa inda za a kafa. Wannan karon a ja ta har kusurwa, na ga rana tana leƙowa ta can."

"Matan unguwa fa, Hajja?" Bakhita ta tambaya a hankali.

"Duk wadda ta tambaya ki ce ni na sa. Wadda ke son sanyi ta zo da kaharabarta a jaka."

Kafin la'asar rumfa ta tsaya. Hajja ta zauna a ƙarƙashinta ta sha ruwan randa, ta ce ba laifi, ta ƙara wani kofin. Sannan ta miƙa wa ɗanta hannu.

"Kawo fasfo ɗinka."

"Yumma?"

"Kawo, na ce."

Ya shiga ya ɗauko. Ta naɗe shi a gefen tobinta ta ƙulle tam. "Ka kira mutumin nan na Jidda ka ce mahaifiyarka ta hana. Ni dai ba ka taɓa musa min ba, kada ka fara yau."

Badaru ya dubi matarsa, ta kawar da kai tana murmushi, idonta cike da hawaye.

Da yawa daga cikinmu muna gina gida don idon masu wucewa, mu manta da waɗanda za su zauna a ciki, har ɗawainiyarsa ta raba mu da su. Bakhita ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba, ba ta kuma raina abin da ta koya a wajen kakarta ba. Haƙurinta da sanin ya kamata su suka tsare mata aurenta. Ƙarshen watan ya zo, jirgin Jidda ya tashi, Badaru yana tsakar gidansa yana ɗaura wa sabon soso igiya.