Kiɗan Takun Kaka

Auta yarinya ce mai wayo, amma hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In ta ga maɓalli, sai ta danna. In ta ga murfi, sai ta buɗe. Kaka ma ta kan ce yatsunta sun riga hankalinta farkawa.

A ɗakin Kaka akwai wani akwatin ƙarfe a kan tebur, lulluɓe da farin ƙyalle. Gefensa na katako ne, ya yi sulɓi don tsufa. A fuskarsa akwai maɓallan murɗawa guda ashirin da huɗu. Akwai gajerun wayoyi ja da rawaya da shuɗi, kowace ta fito daga wani rami ta shiga wani. A ƙasa kuma ƙananan fitilu goma sha shida sun yi layi.

Akwatin na marigayi Baba Tsoho ne, kakan Auta. Da shi yake haɗa kiɗa a gidan rediyon da ya yi aiki. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, ba wanda ya murɗa maɓalli ko ɗaya.

Kullum da yamma, in Baba ya dawo daga aiki, sai ya kunna wa Kaka. Ya jira akwatin ya ɗumama. Daga nan fitilun su fara gudu, kiɗa ya fito daga lasifika.

Dum, shaa, tas. Dum, shaa, tas.

Idanun Kaka sun yi rauni, ba ta iya ganin hoton mijinta sosai. Amma in kiɗan ya tashi, sai ta lumshe ido ta yi murmushi.

Auta kuwa tsigar jikinta ce ke tashi. Wata rana ta leƙa bayan akwatin, ta leƙa ƙarƙashinsa.

"Baba, ina gangar take?"

"Babu ganga," in ji Baba.

"To, an ɗauki muryar ganga ne an zuba a ciki?"

"Ko kaɗan. Wutar lantarki ce ke rawa a cikin wayoyi. Wannan maɓallin yana sa sauti ya yi kauri ko siriri. Wannan yana ja masa wutsiya ko ya datse ta. Baba Tsoho ya yi ta murɗawa har ya sami abin da yake so."

Auta ta buɗe baki. "Wuta ce ke kiɗa? Ikon Allah!"

"Kallo kawai, Auta," in ji Baba. "Ban da taɓawa."

Ranar Asabar da safe, Baba ya kai Kaka asibiti a duba mata ido. Mama tana wanki a bayan gida. Auta ta shiga ɗakin Kaka, wai share-share za ta yi. Tsintsiyar ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Ta ɗaga ƙyallen. Ta kunna akwatin. Fitilu suka fara gudu.

"Kaɗan kawai zan murɗa," ta ce a ranta. "In na gama sai in danna koma-baya, kamar a wayar Mama."

Ta murɗa maɓalli na farko. Dum ɗin ya yi zurfi, har gilashin taga ya yi kyarma. Auta ta ji shi a ƙirjinta. Ta murɗa na biyu. Shaa ɗin ya miƙe ya zama ruwan sama a kan kwano! Ta murɗa na uku, ta zare wayar rawaya ta soka a wani rami. Sai ga wani sauti kamar kukan tsuntsun da ba a taɓa gani ba.

Auta ta manta da kanta. Ta yi tsawa, ta yi ruwa, ta yi jirgin ƙasa, duk da yatsu biyu. Ba ta taɓa jin mamaki irin na ranar ba.

Da ta gaji, ta nemi maɓallin koma-baya. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Babu shi.

Ta kashe akwatin ta sake kunnawa, yadda ake yi wa waya in ta rikice. Tsuntsun ne ya sake fitowa. Ta murɗa maɓallan nan uku hagu da dama, amma ta kasa tuna inda ta same su. Ta kashe, ta mayar da ƙyallen, ta fice sumumu.

Da rana ta kasa cin abinci.

"Lafiya, Auta?" in ji Mama.

"Lafiya lau," ta ce, kanta a ƙasa.

Da yamma Baba ya kunna akwatin kamar kullum. Kaka ta gyara zama, ta lumshe ido.

Kwak, fiii, kwak.

Murmushin Kaka ya ɓace. Can ta ce a hankali, "Wannan ba shi ba ne."

"Ina jin wani abu ya ƙone a ciki," in ji Baba. Ya tafi ya ɗauko sukundireba. "Bari in kwance shi. Amma Inna, irin wannan akwatin ba ya ajiye komai. Kiɗan yana kan maɓallan ne kawai. In na kwance, sai na cire su duka."

"Shi ma ya tafi ke nan," in ji Kaka. Ta share ido da bakin mayafinta.

Auta tana tsaye a bakin ƙofa. Tsoron faɗa ya kama ta, amma tausayin Kaka ya fi tsoron yawa. Baba ya ɗora sukundireba a kan ƙusa ta farko.

"Baba, kar ka kwance!" ta ce, ta fashe da kuka. "Bai lalace ba. Ni ce na murɗa. Na zaci akwai koma-baya."

Baba ya ajiye sukundireban. Ransa ya ɓaci, kowa ya gani.

"Me na ce miki?"

"Ka ce ban da taɓawa. Ka yi haƙuri, Baba. Kaka, ki yafe mini."

Baba ya ja dogon numfashi. "Za mu yi maganar laifinki. Yanzu faɗa mini gaskiya. Guda nawa kika taɓa?"

"Uku. Wannan, da wannan, da wancan. Sai wayar rawaya."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To, da sauƙi," in ji Baba. "Neman uku ba kamar neman ashirin da huɗu ba ne. Da kin yi shiru na kwance shi, da shi ke nan har abada."

Ya mayar da wayar rawaya raminta. Ya dubi Kaka. "Inna, kunnenki ne zai yi mana jagora."

"Mai ɓarnar ta zo ta murɗa da hannunta," in ji Kaka. "Taho nan, sarauniyar taɓe-taɓe."

Auta ta kama maɓalli na farko. Ta murɗa kaɗan-kaɗan.

"Ya yi siriri. Ƙara," in ji Kaka. "Kai, kin wuce! Dawo. Yauwa, tsaya nan!"

Dum ya dawo. Bayan ɗan lokaci tas ma ya dawo. Saura shaa. Shi ne ya ƙi. In Auta ta murɗa dama, ya yi tsawo. In ta murɗa hagu, ya yi gajere. Kaka sai girgiza kai take yi, har ta gaji.

"Ku bar shi haka," ta ce. "Bari in sha ruwa."

Ta miƙe ta nufi ƙofa. Kaka tana ɗan jan ƙafarta ta hagu tun tana budurwa. Ta taka ta dama, ta ja ta hagu, silifas ɗinta ya bugi diddige.

Dum, shaa, tas.

Auta ta ƙame. Ta dubi ƙafar Kaka, ta dubi fitilun.

"Kaka, kar ki tsaya! Ci gaba da tafiya!"

Kaka ta ci gaba. Auta ta kasa kunne, tana murɗawa a hankali. Jan ƙafar da shaa ɗin suka matso kusa, suka ƙara matsowa, har suka zama ɗaya. Ɗakin ya cika da takun mutum biyu.

"Baba," in ji Auta da ƙaramar murya, "tafiyar Kaka ce a ciki!"

Baba ya dubi Kaka, ya dubi akwatin. Shekara uku yana kunna kiɗan nan bai sani ba.

Kaka ta dafa bango. Tana dariya, hawaye na zuba. "Ja'irin tsoho," ta ce. "Kullum yana cewa tun daga bakin titi yake gane zuwana. Ranar da ya haɗa kiɗan nan da takuna, ya ce kar in gaya wa kowa."

Laifi dai laifi ne. Baba ya hana Auta wasa da wayar Mama mako guda. Ya kuma ba ta takarda da fensir. Ta zana maɓallai ashirin da huɗu, kowanne da inda kibiyarsa ta nuna. Ta zana wayoyin da ramukansu. Aka liƙa takardar a bango.

"Ga koma-bayanki nan," in ji Baba. "Daga yau, in ina nan, za ki iya haɗa naki kiɗan. In kin gama, ki mayar wa Kaka nata."

Auta ta koyi abu biyu. Kayan da ba naka ba, ka tambaya kafin ka taɓa, don ba komai ne ke da koma-baya ba. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗi gaskiya da wuri, tun gyara yana yiwuwa.

Yanzu ita ce ke kunna wa Kaka akwatin da yamma. Kuma in Kaka ta taho daga tsakar gida, Auta kan gane ta tun ba ta iso ƙofa ba.